Ta yaya mutum zai gane baiwarsa, kuma yaushe asara ke nufin a haƙura?

Ɗan Gangare:

Assalamu alaikum, iyayena da yayyena. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin duniya a kan wani al'amari da ya hana ni sukuni tun bayan da na kammala hidimar ƙasa.

Ni haifaffen Gangare ne a nan Jos, kuma fannin Tarihi na karanta a jami'a. A lokacin yajin aikin malaman jami'o'i na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas, kawuna ya ji tsoron kada zaman banza ya lalata ni, sai ya ja ni zuwa rumfarsa ta kafinta a kasuwar Katako. Da farko shara da miƙo ƙusa da goge katako da sanfefa kaɗai nake yi, amma kafin a koma makaranta na fara haɗa benci da teburi da hannuna, kuma na lura cewa idan na duƙufa a kan aiki ba na sanin rana ta yi nisa sai na ji kiran salla. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, idan aka ajiye kujera a gabana, idona yakan gano ƙafar da ta karkace tun kafin a ɗora mata sukwaya, wato ma'aunin da kafintoci suke duba daidaiton kusurwa da shi.

Da na dawo daga hidimar ƙasa sai na kama 'yar rumfa da abin da na tara daga alawus, kuma tun daga ranar nake fita daga wannan asara ina faɗawa waccan. Na karɓi aikin kayan ɗakin wata amarya, gado da wadirof da madubi, aka yi ciniki aka ba ni kafin alƙalami, amma kafin in gama farashin filawud da gam da fenti ya tashi, dole na ƙarasa da kuɗin aljihuna don kada iyayen yarinya su ji kunya ranar jere. Na yi wa wani bawan Allah ƙofofi a ƙarshen damina, da hunturu ya shiga sai suka lanƙwashe har suka daina rufuwa, na sake masa wasu ban karɓi ko kwabo ba. Wani kuma ya kwashi kujeru da alkawarin zai aiko da ciko, har yau ban ga kowa ba. Yanzu ana bin ni bashi, kuma lokacin biyan hayar rumfa ya gabato.

A ɗaya ɓangaren, ina koyarwa da safe a wata makarantar kuɗi, inda shugaban makarantar da iyayen yara suke yaba yadda nake bayani, har wasu suna cewa koyarwa ce baiwata, in daina wahalar da kaina da zarto. Mahaifina kuwa, wanda ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya ce bai biya kuɗin jami'a domin ɗansa ya ƙare a Katako ba. Ya fi son in rufe rumfar, in koma in yi digiri na biyu, in nemi aikin ofis.

Ina so a taimaka mini da abu biyu. Ta yaya mutum zai tabbatar da abin da Allah ya fi ba shi iyawa a kai, alhali zuciyarsa tana wani wuri, yabon jama'a kuma yana wani wuri daban? Sannan wannan asara da ke ta maimaituwa, jarrabawa ce da ya kamata in daure mata, ko kuwa alama ce cewa ba hanyata ba ce?

Tsohon Kafinta, Bukuru:

Wa alaikumus salam, ɗana. Jikana ne ya karanta mini tambayarka, shi ne kuma yake rubuta abin da nake faɗa. A cikin wannan sana'a na tsufa, kuma yaran da suka bi ta hannuna wasunsu yanzu suna da nasu yaran, saboda haka bari in fara da ƙofofin, domin na ga su ne suka fi karya maka gwiwa.

Ƙofofin nan ba su ba da shaida a kan baiwarka ba, a kan katakon da aka sayar maka suka ba da shaida. Yawancin katakon da ke shigowa Jos daga dazuzzukan kudu da na Taraba yake zuwa, inda iska take da laima, kuma sau da yawa ana yanka shi ne a loda a mota yana ɗanye. Mu kuwa a kan tudu muke, sama da mita 1,200 daga teku, kuma daga Disamba zuwa Fabrairu iskarmu busasshiya ce ƙwarai. Idan katako yana sakin ruwan jikinsa, ta faɗi yake tsukewa, tsawonsa kusan ba ya canzawa, kuma idan fuska ɗaya ta riga ɗaya bushewa babu makawa sai ya lanƙwashe. Shi ya sa aikin da aka yi a watan Satumba da ɗanyen falanki yakan tona asirin mai shi a watan Janairu.

Maganinsa sananne ne, haƙuri kawai yake buƙata. Ka sayi katako tun kafin ka buƙace shi, ka jera shi a inuwa inda iska take ratsawa, a ɗaga shi daga ƙasa, ka sa siraran sanduna tsakanin falanki da falanki, ka danne saman da abu mai nauyi, ka shafa tsohon fenti a bakunansa don kada su tsage. Magabatanmu sukan ce katako mai tauri irin maɗaci da iroko yana son kamar shekara guda a kan kowane inci na kaurinsa. A busasshiyar iskarmu yakan yi sauri fiye da haka, amma dai ba aikin mako biyu ba ne. Sannan ita ƙofa ba a manne ta gaba ɗaya da gam. Ana yin firam, a fafe masa rami, a zura allon tsakiya a ciki ba tare da gam ba, domin ya samu wurin motsi idan yanayi ya canza, kuma idan za a shafa mata fenti a shafa fuskokin biyu da gefuna duka, har da ƙasan da ba a gani.

Game da gane baiwa kuma, ni ba a ranar da yaro ya haɗa abu mai kyau nake gane ko zai zama kafinta ba, a ranar da ya ɓata katako nake ganewa. Wani yaron zai kwaɓa garin katako da gam ya cusa a ramin, ya bi da fenti, ya yi fatan kada in lura. Wani kuwa zai tsaya yana juya abin a hannunsa, ransa a ɓace, ba don tsoron faɗana ba, sai don yana son sanin inda awon ya kuɓuce masa. Na biyun shi nake riƙewa. Haka kuma ina duba wanda yake zama ya wasa zarto ba a sa shi ba, domin kowa yana son ranar da mai kaya zai zo ya yi santin aiki, amma kaɗan ne suke jure yinin da ba a yi komai ba sai gugar sanfefa. Idon da ka ce yana ganin karkata kafin sukwaya, da kuma sake ƙofofin da ka yi da kuɗinka, sun ishe ni shaida.

Sai dai zan gaya maka gaskiya a matsayin uba: da wuri ka yaye kanka. 'Yan watannin yajin aiki ba su isa koyon sana'a ba. A zamaninmu shekaru yaro yake yi a gaban ubangidansa, ya ga damina da rani sun juya a kan aikin da ya yi, kafin a sallame shi. Ka koma wurin kawunka ko wani ƙwararre ka ƙarasa abin da ka fara, kuma babu wani abin kunya a cikin haka.

Malama daga Gwagwalada:

Ƙanena, na daɗe ina koyarwa, kuma na sha zama da ɗalibai masu irin damuwarka, don haka zan yi magana a kan yabon jama'a da ya ruɗa ka. Mutane sukan yabi abin da suke ganin yana da daraja a idonsu, kuma a wurinmu malami mai riƙe da alli ya fi mai riƙe da guduma kwarjini, ko da na biyun ya fi gwaninta a nasa fagen. Yabon da ake yi maka a makaranta yana iya zama gaskiya, amma bai auna koyarwarka da kafintarka a ma'auni ɗaya ba, domin masu yabon ba su taɓa ganin ka a rumfa ba. Abin da ya fi dacewa ka tambayi kanka shi ne: a wane aiki ne gyara ɗaya yake isarka, a nuna maka sau ɗaya ka kama, har ka ƙara da naka? Kuma a wanne ne kuskurenka yake hana ka barci ko da babu wanda ya gan shi?

Akwai tarihin da nake so ka duba, tunda kai ɗalibin Tarihi ne, kuma hoton mai tarihin yana bayan takardar naira ashirin. Ladi Kwali a ƙauyen Kwali aka haife ta, nan kusa da mu, kuma tun tana yarinya ta koyi ginin tukwane a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, irin ginin gargajiya na matan Gbagyi. Ta gwanance har Sarkin Abuja na lokacin, Alhaji Sulaimanu Barau, yana ajiye tukwanenta a gidansa, kuma a can ne wani Bature maginin tukwane mai suna Michael Cardew ya gan su. Cardew ya kafa cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja ta yanzu, kuma a 1954 Ladi Kwali ta shiga cibiyar a matsayin mace ta farko. Abin lura a nan shi ne, ta shiga ne tana gwana wadda sarki ya riga ya san da aikinta, shekarunta sun doshi talatin, amma ta yarda ta zauna ta koyi juya yumɓu a kan na'ura, da shafa masa ruwan ƙyalli, da gasa shi a murhu mai tsananin zafi, abubuwan da ba ta gada ba. Ba ta yar da zanen kadangaru da kifi da kunamu da ta taso da shi ba, sai ta ɗora sabon ilimin a kansa. Daga nan aka baje kolin ayyukanta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977 duk da ba ta yi karatun boko ba, kuma bayan rasuwarta a 1984 sunanta bai ɓace ba. Da ta ce baiwarta ta ishe ta, da wataƙila sunanta bai wuce kasuwannin yankinsu ba. Wannan shi ne abin da Baba na Bukuru yake nuna maka.

Ban kuma yarda cewa dole ka zaɓi ɗaya ka kashe ɗaya ba. Gwanaye da yawa sun iya aiki amma ba su iya bayyana yadda suke yinsa ba, malamai da yawa kuma sun iya bayani amma ba su taɓa riƙe zarto ba. Wanda ya haɗa biyun yana da wuri a makarantun koyon sana'a irin ta Bukuru. Hedikwatar hukumar ITF, wadda aka kafa a 1971 domin horar da ma'aikata da masu sana'a, a garinku take. Akwai kuma jarrabawar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, da jarrabawar NABTEB, wato hukumar shirya jarrabawar fasaha da kasuwanci, waɗanda za su ba ka takardar shaidar da mahaifinka zai iya riƙewa a hannunsa ya duba.

Alhaji na Taminus:

Na karanta abin da Baba da Malama suka rubuta, kuma ina girmama su, amma ina jin tsoron kada a cika wa yaron nan kunne da zancen baiwa a manta da bashin da ke kansa. Ni ɗan kasuwa ne, kuma ina cikin waɗanda gobarar babbar kasuwar Jos ta watan Fabrairun 2002 ta raba da shagunansu. Na ga mutanen da suka farfaɗo bayanta, na ga waɗanda har suka koma ga Allah ba su sake tsayawa da ƙafarsu ba, kuma a iya ganina ba ƙwazo ne ya bambanta su ba, domin dukkansu masu ƙwazo ne. Waɗanda suka tashi su ne waɗanda suka zauna suka yi lissafin abin da ya rage musu, suka yarda su koma kasa kaya a teburi a bakin titi, ba su ci sabon bashi don su riƙe tsohon suna ba.

Ɗana, cikin asarorin da ka lissafa, ɗaya ce kawai ta shafi aikin hannu, kuma Baba ya warware ta. Sauran na ciniki ne, kuma iya sassaƙa daban, iya ciniki daban. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, har hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, duk wanda ya yanke farashi yau ya sayi kayan aiki bayan wata guda ya yi wa kansa illa. Kafin alƙalamin da za ka karɓa ya zama ya isa sayen kayan aikin gaba ɗaya, kuma a ranar da ya shiga hannunka a ranar za ka saye su. A rubuta yarjejeniya a gaban shaida, a faɗi irin katakon da ranar kammalawa da ranar biyan ciko. Kaya kuma kada su bar rumfarka sai an cika kuɗi, ko da mai su ɗan unguwarku ne. Idan kana yin farashi ka sa ladan hannunka da haya da kuɗin mota da man janareto, domin matasa da yawa kuɗin katako kawai suke lissafawa, sai su ga suna ta aiki amma aljihu babu komai.

Inda na saɓa da masu cewa a daure ko ta halin ƙaƙa shi ne, wata asarar da gaske tana nufin a tsaya. Garin nan ya fitar da Mikel Obi, wanda ya taso ta Plateau United har ya ci kofin zakarun Turai da Chelsea a 2012. Ya fitar da Ahmed Musa, wanda ya buga wa ƙungiyar JUTH, ya ci wa Kano Pillars ƙwallaye 18 a kaka ɗaya, ya zura wa Ajantina biyu a gasar cin kofin duniya ta 2014. Kowa ya san waɗannan. Amma ni na san waɗanda suka taka leda a filayen unguwanni a zamani ɗaya da su, wasunsu ana rantsuwa da ƙafarsu, suka ƙi karatu suka ƙi sana'a suna jiran ranar da za a ɗauke su zuwa Turai, yau ga iyali ga babu abin yi. Baiwarsu ta gaskiya ce, amma ba su sa wa jiran iyaka ba. Saboda haka kada ka saki koyarwa yanzu, domin albashinta, komai ƙanƙantarsa, shi ne zai hana ka karɓar aikin asara saboda yunwa. Ka ɗiba wa kanka wa'adi, ka riƙe littafin shiga da fita, idan wa'adin ya cika littafin ya yanke hukunci.

Almajirin Malam, Unguwar Rogo:

Ni a kan mahaifinka kawai zan yi magana, domin kada a gyara sana'a a ɓata albarka. Abin da yake tsoro shi ne talauci da raini, kuma asarar da ya gani da idonsa ta ƙara masa hujja, don haka musu ba zai sauya ra'ayinsa ba. Ka nemi kawunka ko wani dattijo da yake jin nauyinsa su zauna da shi, ka nuna masa ba ka yar da karatunka ba, ka kuma roƙe shi ya ba ka lokaci ya sa maka albarka. Idan maganar daraja ta taso, a tuna masa cikin ladabi cewa ya tabbata a hadisin da Muslim ya ruwaito Annabi Zakariyya, amincin Allah ya tabbata a gare shi, kafinta ne, kuma Bukhari ya ruwaito cewa Annabi Dawuda daga aikin hannunsa yake ci. Ka yi istihara, ka kuma yawaita kyautata masa daga ɗan abin da sana'ar ta kawo, ko da gyaran kujerar da yake zama a kai ne.

Ɗan Gangare:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Na yi magana da kawuna, kuma ya amince in mayar da kayan aikina rumfarsa idan hayata ta ƙare, in riƙa zuwa bayan an tashi daga makaranta, duk aikin da na samu kuma ya bi ta ƙarƙashin idonsa. Shi ne kuma zai je wurin mahaifina ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Malama, zan je in tambayi yadda ake rajistar jarrabawar gwajin sana'a. Alhaji, na sayi littafi na fara rubuta abin da ake bin ni da abin da nake bi, sai dai albashina ba zai biya kowa a lokaci ɗaya ba. Akwai mai katako, akwai mai rumfa, akwai abokina da ya ranta mini kuɗi. Da wa ya kamata in fara?

Alhaji na Taminus:

Ka je wurin su ukun da ƙafarka kafin su aiko maka, ka gaya wa kowa abin da za ka iya ba shi a ƙarshen kowane wata, kuma kada ka faɗi adadin da ka san ba za ka iya cikawa ba. Ka fara da mai rumfa, ka sallame shi ka miƙa masa makullinsa, domin nasa ne yake ƙaruwa muddin kana riƙe da wurin. Daga nan kaso mafi girma ya tafi ga mai katako, tunda wurinsa za ka koma gobe, kuma 'yan katako suna gaya wa juna wanda yake biya da wanda ba ya biya. Abokinka ka roƙe shi ya ƙara maka haƙuri, amma ka riƙa ba shi wani abu duk wata ko da kaɗan ne. Shi kuma wanda ya kwashi kujerunka, ka samu shugaban 'yan kafinta na layinku ko mai unguwarsu ku je tare, a sa masa ranar biya a gaban shaidu.